Yadda Ake Jagorantar Waƙa a Ikilisiya

Wata ranar Lahadi a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram yake sa rufin kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai, muna tsakiyar waƙa ta biyu sai wuta ta ɗauke. Piyano ya yi shiru, lasifika ta yi shiru, muryar yarinyar da take ba da waƙa ta koma ƴar siririya, ba ta wuce benci na uku ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya tsaya mini a rai har yau. Majami'a cike take da mutane, amma babu wanda ya ci gaba da waƙar, domin babu wanda ya iya ta. Mako uku muka kwashe muna koyonta a koral, wato ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, muna jin daɗin yadda muryoyinmu suka haɗu, ashe jama'a kallo kawai suke yi mana. Can daga ɓangaren mata wata tsohuwa ta ɗaga wata waƙa mai amshi wadda kowa ya sani tun yana yaro, nan take ɗakin ya ɗauka, har da yaran da suke zaune a kan tabarma. Da aka tashi sujada na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, yau kin fitar da mu kunya." Ta ce, "Ɗana, waƙarku da daɗi, sai dai ba ku bar mana ƙofar shiga ba."

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan magana ya fito. Ɗan'uwa ko ƴar'uwa da aka ɗora wa nauyin waƙa a ikilisiya, ko sunanka shugaban koral ne, ko mai ba da waƙa, ko kuma kai ne kawai wanda ya iya taɓa piyano, da muryar jama'a za ka auna aikinka. Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa (3:16) da Afisawa (5:19) cewa su koyar da juna, su gargaɗi juna da zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu, ikilisiya gaba ɗaya yake yi wa magana, tsoho da yaro, mai zaƙin murya da wanda muryarsa take karkarwa. A shekarar 1524 Martin Luther da abokansa suka fara buga waƙoƙi cikin Jamusanci domin manomi da matarsa su yi yabo da bakinsu, maimakon su tsaya suna sauraron limamai suna rera Latin. Shekara 400 cif bayan haka, a 1924, ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a ƙasar Nijar, a nan Zinder suka sauka, kuma ba a daɗe ba, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Gadon da muka tarar ke nan: maganar Allah da yabonsa a cikin harshen da mutum yake ciniki da shi a kasuwar Dole. Bai kamata mu da hannunmu mu sake mayar da jama'a ƴan kallo ba.

Ka fara daga wurin fasto

Kafin ka kira taron koral na farko, ka zauna da fasto da dattawan ikilisiya, ka tambaye su iyakar abin da aka ba ka. Wa yake da magana ta ƙarshe a kan waƙar da za a rera? Minti nawa aka ware wa waƙa a cikin sujada? Wa yake riƙe da makullin ɗakin kayan kiɗa? Yawancin rigingimun da suke tasowa tsakanin mawaƙa da shugabanni sun samo asali ne daga abin da ba a faɗa a fili ba tun farko. Bayan haka ka mai da shi al'ada, kowace Laraba ka je ka ce, "Baba Fasto, wane nassi za a karanta ranar Lahadi?" Idan wani baƙo ne zai yi wa'azi, ka nemi a tambayo maka shi. Ka karanta nassin da kanka, sau biyu ko uku, kafin ka buɗe littafin waƙoƙi. Waƙar da za ta biyo bayan wa'azi ita ce amsar jama'a ga abin da suka ji, saboda haka idan an yi wa'azi a kan tuba, ba daidai ba ne ganga ta tashi da rawar biki tun mutane ba su ɗaga kai daga addu'a ba.

Zaɓen waƙa

A nan ne nauyin aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mutum yana iya manta wa'azin da ya ji tun kafin ya isa gida, amma waƙar da ya rera za ta bi shi gona, ta bi matarsa madafa, ta bi ɗansa makaranta, kuma ita ce za ta dawo masa ranar da yake kwance a asibiti ba ya iya riƙe littafi. Da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su yi karatun boko ba, abin da suka sani game da gicciye da tashin matattu da gafarar zunubi, a cikin waƙa suka haddace shi. Ashe ke nan mai zaɓen waƙa malami ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Dabarar da na fi amincewa da ita mai sauƙi ce. Ka rubuta kalmomin waƙar a takarda, ka karanta su da ƙarfi ba tare da kari ba, kamar kana karanta wasiƙa. Kari mai daɗi yana rufa wa magana marar kan gado asiri, amma da zarar ka cire shi, abin da ke ciki zai fito fili. Ka tambayi kanka ko abin da waƙar take faɗa game da Allah gaskiya ne bisa ga Littafi Mai Tsarki, kuma ko za ka iya nuna aya ko labarin da ta dogara a kai. Ka duba wanda ake yabo a cikinta, domin akwai waƙoƙin da sunan Yesu yake bakinsu amma daga farko har ƙarshe labarin mai waƙar ne, da nasararsa, da faɗuwar maƙiyansa. Akwai kuma waɗanda suke yi wa mutane alkawarin mota da gida da kuɗi, abin da Almasihu bai yi alkawarinsa ba, kuma gwauruwar da take sayar da ƙuli-ƙuli domin ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta za ta rera su shekara goma, sa'an nan ta fara zaton Allah ya manta da ita. Irin wannan waƙa, ko da tana tashe a kowace waya a garin, ka ajiye ta. Idan matasa suka matsa, ka zaunar da su ku karanta kalmomin tare, ka bar su su nemo ayar da kansu. Sau da yawa su ne za su fara cewa a bar ta.

Kada kuma dukan waƙoƙinka su zama na murna. Zabura 150 ce a cikin Littafi Mai Tsarki, kuma kaso mai yawa daga cikinsu kuka ne da kai ƙara gaban Allah. Zabura 88 ma a cikin duhu take ƙarewa, ba ta juyo ga farin ciki ba, duk da haka tana nan cikin littafin yabo. Mu a Zinder mun san amfanin wannan. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a garin nan, kashegari kuma abin ya kai Yamai. A makonnin da suka biyo baya, masu bi suna taruwa a tsakar gidaje da zuciya mai nauyi, kuma waƙoƙin tsalle da tafi ba su shiga bakin kowa ba. Tsofaffin waƙoƙin dogara da na gafara ne suka riƙe mutane, irin waɗanda Bulus da Sila za su iya rerawa da tsakar dare a kurkukun Filibi, bayansu duk tabon bulala. Ikilisiyar da ba a koya mata waƙar kuka tun lokacin zaman lafiya ba, ranar makoki za ta rasa abin faɗa wa Allah. Don haka ka tabbata a cikin abin da jama'arka suka haddace akwai na tuba, da na jana'iza, da na Jibin Ubangiji, da na baftisma, da na roƙon ruwan sama da godiyar kaka, ban da na Kirsimeti da na Tashin Almasihu.

Akwai ɗan lissafi da zai taimake ka. Lahadi 52 ce a shekara. Idan ana rera waƙa biyar kowace Lahadi, gurbi 260 ke nan. Idan ikilisiya tana da waƙoƙi 65 da take juyawa, kowace waƙa za ta zo sau huɗu a shekara, wanda da ƙyar ya isa a riƙe ta a ka. Da ka kai su 200, yawancinsu sau ɗaya za a ji su, babu wanda zai haddace ko ɗaya. Koral yana gajiya da waƙa tun kafin jama'a su fara iya ta, domin koral ya rera ta sau ashirin a wurin koyo, jama'a kuwa sau biyu suka ji ta. Sabuwar waƙa ɗaya a wata ta wadatar. Ka koyar da ita kafin a fara sujada, layi bi layi, kai ka faɗa su maimaita, ka fara da amshi. Ka sake kawo ta Lahadi uku a jere, ka huta ɗaya, ka dawo da ita. Idan bayan wannan duka jama'a ba su ɗauka ba, ka haƙura da ita, komai son da kake yi mata.

Harshe da kari

Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere, kuma wanda zai sa Hausa a waƙa dole ya kiyaye wannan. Kalmar "wuya" idan murya ta fara daga sama ta sauko, gaɓar jiki ce. Idan ta fara daga ƙasa ta hau, wahala ce. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya saukar murya ce ta raba su. "Gari" da muke zaune ciki wasalinsa na farko gajere ne, da ka ja shi ya koma garin tuwo. Yawancin waƙoƙin da muka gada daga zamanin mishan an ɗauki karin Turai ne aka ɗora masa kalmomin Hausa, shi ya sa a wasu wuraren kari yake jan gaɓar da ba a ja, ko ya saukar da murya inda harshe yake hawa. Ba na cewa a watsar da su. Da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su aka binne su, kuma koyarwar da take cikin da yawansu ta fi ta sababbin waƙoƙi zurfi. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma idan kai ko wani a koral ɗinka zai tsara sabuwar waƙa, ko zai juyo wata daga Faransanci, ga hanya: a faɗi layin da baki sau da yawa kamar ana hira, a saurari inda murya take hawa da inda take sauka, sa'an nan a bar kari ya bi sawun maganar. Zumuntar mata sun daɗe da sanin wannan ba tare da an koya musu ba, shi ya sa waƙoƙinsu, da tulu da caki da amshi gajere, suke shiga kunne tun ji na farko. Ka je ka zauna a taronsu ka koya. Ka kuma gwada sabuwar waƙa a kunnen wanda bai ga rubutunta ba, ka ce ya faɗa maka abin da ya ji. In bai kama kalmomin ba, gyara ya rage.

Ikilisiyoyinmu na Zinder gauraye suke. A benci ɗaya za ka sami Bahaushe, da ma'aikacin gwamnati Bazabarme ko Bagurmance da aka turo aiki, da ɗan kasuwa daga Najeriya, da malamin makaranta daga Benin ko Togo, da ɗalibin jami'a da ya zo daga wata jiha. Kowa yana marmarin ya yabi Allah da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi. Ka lura da harshen da mafi yawan jama'a, musamman tsofaffi da yara, suke ji, ka sa shi ya zama ginshiƙi. A wurare da yawa a nan Hausa ce, Faransanci na biye. Sauran harsunan ka ba su wuri da niyya, amma duk waƙar da za a rera da harshen da ba kowa yake ji ba, a faɗi ma'anarta cikin jimla biyu kafin a fara. Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali (1 Korantiyawa 14:15), kuma mutum ba ya cewa amin da hankali ga abin da bai fahimta ba.

Tsayin murya, kiɗa da ƙara

Mai ba da waƙa yakan zaɓi matakin da muryarsa ta fi haske, wanda sau da yawa ya fi ƙarfin jama'a, musamman da safe. Yawancin mutane suna iya rerawa cikin sauƙi daga "do" na tsakiyar piyano zuwa "re" da yake saman "do" na gaba (do da re sunayen matakan murya ne), maza kuma suna bin haka daga ƙasa. Idan waƙa ta daɗe a sama da wannan, za ka ga maza sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, sun naɗe hannu. Ka sauke ta mataki ɗaya ko biyu. Kusan kowane piyano na lantarki yana da maɓallin yin haka, ko da yake ya fi kyau mai kiɗa ya koyi taɓa waƙar a matakai dabam-dabam da yatsunsa. Saurin kiɗa kuma ya zama wanda tsoho zai iya furta kalmomin ya kuma ja numfashi.

Game da kayan kiɗa na gargajiya, ka yi tafiya da shawara. Zabura 150 ta kira ƙaho da molo da ganga da sarewa da kuge, ba ta ware wani abu ba, kuma ganga da kalangu da caki suna zama da Hausa fiye da yadda jita take zama da ita. Amma a ƙasar Hausa kowane kiɗa yana da gidansu. Kakaki da tambari na fada ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar Sarkin Damagaram a Birni ranar salla ya san haka. Goge da garaya kuwa, a kunnen mutane da yawa, bori suke kira. Wani dattijo da ya bar wannan hanya ya bi Almasihu, jin goge a majami'a zai iya tayar masa da abin da ya binne shekaru talatin. Ka tambayi dattawa kafin ka shigo da sabon abu, ka karanta Romawa 14, kuma idan abin zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, ka jira.

Ƙara ita ce cutar zamaninmu. Majami'ar da ba ta ɗaukar mutum ɗari ba ta bukatar lasifikar filin taro. Ana cikin waƙa ka bar gaba ka koma benci na ƙarshe, ka saurara: idan ba ka jin muryar wanda yake kusa da kai, a rage. Mutum idan bai ji kansa ba, bai ji maƙwabcinsa ba, yakan daina rerawa. Akwai kuma batun lafiya, domin ƙarar da ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta, kuma yaranmu ne suke zama a gaba, dab da lasifika. Akwai manhajojin waya da suke auna ƙara, ka sa wani matashi ya riƙa dubawa. Sau ɗaya a kowace sujada, ka sa masu kiɗa su tsaya cik a baiti ɗaya, a bar muryoyi kawai. Hakan yana koya wa jama'a cewa waƙar tasu ce, kuma ranar da wuta ta ɗauke ba za a rasa abin yi ba.

Mu ƴan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu da su, kuma da yawansu ƴan'uwanmu ne na jini. Ka juya bakin lasifika ciki, kada ta fuskanci titi. Ka sa lokacin koyon waƙa bayan la'asar, a tashi kafin magariba, idan kuma aka kira salla kuna tsakiya, ku sassauta har a idar. In za a yi kwanan addu'a ko bikin daren Kirsimeti, a tura dattijo ya gaida mai unguwa da maƙwabta ya sanar da su tun da wuri. Wannan ba tsoro ba ne, bin Romawa 12:18 ne, inda aka ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa.

Kayan kuma amanar ikilisiya ne, da baikon talakawa aka saye su. Ƙurar hunturu tana kashe maɓallan piyano, don haka a ɗinka masa riga a rufe shi bayan kowane amfani. Fatar ganga tana saki da damina, a shanya ta kafin sujada. A rubuta kowace waya da kowane makirfo a littafi, kada a ba da aron komai sai da sanin ma'aji.

Mutanen da kake jagoranta

A 1 Tarihi 15:22 an ce an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa domin ya ƙware, Zabura 33:3 kuma ta ce a yi kiɗa da gwaninta. Saboda haka koyo wajibi ne, kuma "Ruhu zai bishe mu" ba hujjar zuwa ba shiri ba ce. Ka fara taron koyo a kan lokaci ko da mutum huɗu ne suka zo, domin idan ka saba jiran masu latti, masu zuwa da wuri kake hora. Ku buɗe da addu'a da karanta nassin Lahadi, minti goma ya isa. Ku fara da waƙoƙin jama'a, waƙar koral ta musamman ta zo daga baya, domin in aka fara da ita takan cinye lokacin duka. Ka koya wa kowace murya rabonta ita kaɗai kafin a haɗa. A ajiye ruwan sha, musamman a watannin zafi da na hazo. Awa ɗaya da rabi ta isa, kuma a sallami ƴan mata da sauran haske, tare da wata babbar mace daga zumuntar mata da za ta riƙa zama a wurin. Iyayen da suka ba ka ƴaƴansu sun ba ka amana, suna kuma kallon yadda kake riƙonta.

A nan zan faɗi laifina. A shekaruna na farko akwai wata yarinya, ba ta wuce shekara goma sha biyar ba, wadda muryarta take zamewa ƙasa da ta sauran. Wata Asabar muna shirin Kirsimeti, na gaji, na tsayar da waƙa na nuna ta da yatsa a gaban kowa na ce ita ce take ɓata mana aiki. Wasu suka yi dariya. Ta sunkuyar da kai, ta ƙarasa taron ba ta sake buɗe baki ba, kuma ba ta dawo ba. Na je gidansu na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta, ta ce ba komai, amma daga ranar ko a cikin jama'a leɓenta kawai nake gani yana motsi. Waƙar Kirsimetin ta yi kyau, ban ma tuna wace ce ba yanzu, yarinyar kuwa ban manta da ita ba. Gyaran kuskuren waƙa a yi wa rukunin murya gaba ɗaya, a ce "masu murya ta biyu, mu sake". Idan mutum ɗaya ne, a tsayar da shi kusa da wanda ya iya, ko a kira shi gefe bayan an tashi. Idan kuma batun hali ne, Matiyu 18:15 ta riga ta nuna hanya: kai da shi kaɗai tukuna, in ya ƙi, sa'an nan a kai ga dattawa. Kada ka yanke wa kowa hukuncin dakatarwa kai kaɗai.

Gwani mai girman kai shi ne jarrabawar kowane shugaba, musamman idan shi kaɗai ya iya piyano. Zai zo a makare, ya ƙi zuwa koyo, ya fita waje lokacin wa'azi, kowa ya yi shiru domin ana tsoron kada ya yi fushi ya tafi. Ka yi masa magana da ƙauna, amma ka yi. Ta bakin annabi Amos (5:23-24) Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙin mutanen da ba su yin gaskiya da adalci. Gara ikilisiya ta yi wata guda tana rerawa da tafi da ganga, da a koya wa matasa cewa gwaninta tana sayen izinin rashin ɗa'a. Batun kuɗi ma a daidaita shi tun kafin ya taso: idan an gayyaci koral biki aka yi musu liƙi ko kyauta, ina kuɗin za su shiga, wa zai ƙirga, wa zai rubuta. Jika biyar da ba a san inda ta shiga ba ta isa ta watsa ƙungiyar da aka yi shekara biyar ana ginawa.

Kai ma ka tsare zuciyarka. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya furta cewa duk lokacin da daɗin rerawa ya motsa shi fiye da abin da ake faɗa a waƙar, yakan ɗauka ya yi laifi. Mai tsayawa a gaba yana da haɗari fiye da haka, domin idanu suna kansa, kuma yabon mutane yana da zaƙi. Ka riƙe addu'arka da karatunka na gida, ka zauna ka saurari wa'azi da littafinka a buɗe kamar kowa, ka sami dattijo ɗaya da zai iya ce maka "yau ka cika nuna kai" ba tare da ka yi fushi ba.

Ranar Lahadi ka iso da wuri, a gwada kayan sauti kafin mutane su shigo, a yi addu'a tare. Ka faɗi lambar waƙa ko layinta na farko a fili, sau biyu. Kada ka yi wa'azi tsakanin waƙoƙi, jimla ɗaya ko aya ɗaya ta isa. Kada ka tsawata wa jama'a don ba su ɗaga murya ba, domin ba ka san wanda ya kwana da yunwa ko wadda ta kwana jinya ba. Idan fasto ya ba ka minti ashirin, ka tsaya a ashirin. Ka kuma riƙe waƙa biyu a ka waɗanda za a iya rerawa ba wuta, ba kiɗa.

Wanda zai gaje ka

A Zinder koral ba ya zama da mutanensa. Ɗalibi yana gama karatu ya koma garinsu, ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi ko Diffa ko Agadas, yarinya ta yi aure ta bi mijinta. Kai ma wata rana za ka tashi. A zamanin Dawuda mawaƙa 288 aka horar a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, aka raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12, kuma 1 Tarihi 25:8 ta ce da babba da ƙarami, da malami da almajiri, duk tare aka jefa musu ƙuri'ar aiki. Ka sa kowane mai kiɗa ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya yana koya masa, rabin awa kafin taron koyo. Kada waƙa ta zauna a bakin mutum ɗaya. A riƙa juya masu bayarwa, ko da na biyun bai kai na farko ba.

Ka sayi babban littafin rubutu mai kauri. A kowace Lahadi a rubuta kwanan wata, da nassin da aka karanta, da waƙoƙin da aka rera, da matakin da aka ɗauki kowace, da wanda ya bayar, sa'an nan layi ɗaya a kan ko jama'a sun ɗauka ko ba su ɗauka ba. A bayan littafin a kwafe kalmomin waƙoƙin da tsofaffi suke rerawa da ka waɗanda ba su cikin kowane bugu, a kuma naɗi muryarsu a waya tun suna raye. Ka miƙa wa matashin da ka ga yana da natsuwa wannan littafi ya riƙa cikawa. Bayan wata uku ka ba shi Lahadi ɗaya a wata, ya zaɓi waƙoƙin, ya je wurin fasto da kansa, ya tsaya a gaba. Kai kuma ranar ka zauna a benci na baya kusa da ƙofa, ka rera tare da jama'a, abin da ka lura da shi kuma ka bari sai ranar Litinin ku tattauna ku biyu.